Kada a Tayar da Ita Sai Na Zo

Motar ta daina noƙewa. Tun farkon watan nan Malama take kai mijinta wankin ƙoda a cikinta, kuma ba su sake rasa layin safe ba. Wanda ya gano ciwonta wani dattijon bakanike ne da aka fi sani da Sammako, kuma a ƙofar gidansu ya gano shi, da sanyin safiya, kafin masu shago su buɗe. Ita ce mota ta ƙarshe da ya karɓa. A ƙarshen makon jiya ya sa wa garejinsa da ke bayan tashar mota kwaɗo, bayan shekara arba'in da wani abu yana shiga ƙarƙashin motocin mutane. Ba a yi masa taro ba, ba wanda ya tashi ya yi jawabi. Wannan jinjinar ce a madadin haka.

Ba a banza sunan Sammako ya bi shi ba. Sauran kanikawa sai rana ta ɗaga suke buɗe gareji. Shi kuwa kafin gari ya gama wayewa ya riga ya hau tsohon babur ɗinsa, da jakar buhu ɗaure a baya. A cikin jakar akwai sufanu, da sukundireba, da tocila, da gwangwanin giris, da wani guntun baƙin tiyo da bai fi tsawon hannu ba. Gidajen mutane yake bi. Duk wanda ya kawo masa tsohuwar mota ya ce da safe tana rawa, tana tari, ko tana noƙewa idan an taka totur, amsa ɗaya yake samu: "Mayar da ita gida ta kwana. Kada a tayar da ita sai na zo."

Mutane da yawa sun ji haushin wannan amsa. Mutum ya baro aikinsa, ya tuƙo mota har gareji, a ce ya juya ko bonet ba a ɗaga ba. Amma dalilinsa a fili yake. Ƙarfe idan ya yi sanyi yana tsukewa, roba tana ƙandarewa, injin kuma a lokacin ya fi bukatar mai. Duk wata 'yar kafa da iska ke satar shiga ta ciki, a lokacin take buɗe. Da injin ya ɗauki zafi komai zai kumbura ya toshe, motar ta riƙa tafiya kamar ba ta taɓa ciwo ba.

"Kafin ka iso nan ta warke," in ji shi. "Ciwon sanyi sau ɗaya yake magana a yini. Idan ba ka nan lokacin da ya yi, sai gobe."

Mai motar burodi da ke raba wa shaguna kaya ya ce an canza masa fulogi har ya gaji da saye. "Da Sammako ya zo, tsugunawa ya yi ya sa tiyon nan a kunne. Can sai ya nuna mini wata 'yar roba da ba ta kai ɗan yatsa ba, ta tsage ta ƙasa inda ido ba ya gani. Shi ke nan fa." Wata ungozoma da ta yi ritaya ta tuna safiyar da ta leƙo ta tarar da shi a rakuɓe jikin katangarta, ana tsuga ruwa, ya rufe jakarsa da rigarsa. Bai ƙwanƙwasa ba, don ya san a wurin aiki ta kwana. Jira ya yi ta farka da kanta.

Malama ba ta san da shi ba sai da abin ya kai mata iya wuya. Tana koyarwa a makarantar firamare. Mijinta, wanda kowa ke kira Direba, ya ƙare ƙuruciyarsa yana tuƙa shugabannin wani kamfani, kuma motar ce abin da ya fito da shi daga aikin: tsohuwa mai kafireta, fentinta ya koɗe, amma cikinta tsaf kamar ɗakin baƙi. Da ƙodarsa ta gaza, aka sa shi a layin wanki na sassafe, sau biyu a mako. Injinan wankin kaɗan ne, masu jira kuwa sun cika benci. Wanda aka kira bai amsa ba, na bayansa ake ɗorawa, shi kuma ya jira duk sanda aka samu gurbi. Malama ta san abin da jiran ke nufi. Ƙafafu su kumbura har takalmi ya ƙi shiga, numfashi ya dawo guntu-guntu, mutum ya kasa kwanciya sai dai ya jingina.

Direba ba ya iya tuƙi yanzu, jiri ke ɗibarsa. Bayan babur ba ya zaunuwa a gare shi, motocin haya kuma ba sa shigowa lungunsu da wannan safiyar. Sai Malama ta koyi tuƙi da girmanta, yana gefenta yana gyara mata kowace giya.

Lungun nasu ta wani ɗan hawa yake fita kan babban titi, daidai inda tireloli ke gangarowa ba sa rage gudu. Daga ƙofar gida zuwa nan bai isa injin ya yi zafi ba. A nan motar take noƙewa. Malama za ta ga sarari, ta saki kuloci, ta taka totur, sai motar ta yi wani shiru kamar mai shawara, ta yi tari, sannan ta zabura. Wata safiya ba ta zabura ba. Ta mutu da hancinta a kan titi. Malama ta ce ita ba ta ga tirelar ba, hon kawai ta ji, da iskar da ta girgiza motar. Ta yi ta murɗa makulli har batir ya yi sanyi. Kafin su samu masu turi su isa asibiti, an ɗora wani a gadonsu. Direba ya dawo gida da ruwansa a jiki, kuma a kujera ya yi barci har aka samu gurbi.

Ta zaga garejoji. An canza fulogi, an wanke kafireta, an sa sabuwar matatar mai. Kowane bakanike ya gwada motar a gabanta ta yi lafiya lau, washegari kuma ta koma gidan jiya. Wata ma'aikaciyar jinya a ɗakin wankin ce ta ce mata ta nemi Sammako.

Ta same shi da yamma yana jera sufanu a akwati. Ya ce ya daina karɓar aiki, ƙarshen wata zai rufe. Duk da haka ta fara bayani, sai ya ɗaga hannu.

"Zagayo ta nan, Malama. Wannan kunnen ya riga ni yin ritaya. Ɗayan ma ya fara neman sallama, shi ya sa kika ga ina tattara kaya."

Ta zagaya damansa ta sake daga farko. Da ta zo kan waɗanda suka taɓa motar, ta ce duk sun cuce ta.

"A'a, kada ki ɗauki alhakinsu. Lafiyayyar mota kika kai musu. Motar wa ce ma?"

Ta faɗa masa. Ya ajiye sufanar da ke hannunsa.

"Direba? Ashe abin da ya ɓoye shi ke nan. Shi ne mota ta yi ciwo a hannunsa bai aiko ba, don kada a ce ya kasa. Gobe ina tafe. Kada a tayar da ita sai na zo. Kin ji ko? Ko makullin kada a taɓa."

Washegari ba ranar asibiti ba ce. Malama ta isar da saƙon, ta kwanta da kwanciyar hankalin da ta daɗe ba ta samu ba. Ta ji motsin mijinta da asuba, ta ɗauka banɗaki ya tafi. Ƙarar injin da ta biyo baya daga ƙofar gida ba ta tashe ta ba, don ƙara ce da take ji kowace safiya tun da suka yi aure.

Da ta fito ta tarar da Sammako tsaye, tafin hannunsa a kan bonet. Motar an goge ta tana sheƙi. Direba na zaune a benci, lulluɓe da bargo, yana haki.

"Wa ya tayar da ita?" in ji Sammako.

"Ɗan ɗumama ta na yi," in ji Direba. "Ka taɓa ganin direba ya miƙa wa baƙo mota da sanyinta? Ta yi ta tari a gabanka kamar ba ta da mai ita?"

"Ai tarin na zo ji! Ku direbobi haka kuke. Ku kashe mota da hannunku, ku yi mata wanka, sannan ku kira mu."

"Ku kuma kanikawa a kawo muku ciwon kai, ku kwance ƙafa."

Suka yi dariya. Malama ba ta yi ba.

"Baban yara, ba na gaya maka ba? Gobe fa ranar wanki ce."

Direba ya sunkuyar da kai yana gyara bargo. Sai daga baya ta fahimci abin da Sammako ya gani nan take. Tun da ciwon ya zo an karɓe wa Direba sitiyari, an karɓe masa cefane, har ruwan da zai sha sai an auna masa. Ɗumama motar da safe ne kaɗai aikin da ya rage a hannunsa, kuma shi ne aikin da bai taɓa fashinsa ba a gaban kowane maigida.

Sammako bai ƙara yi masa faɗa ba. Ya zauna a gefen bencin.

"Gobe kai za ka murɗa makullin, Direba. Ba wanda ya san totur ɗin motar nan kamarka, kuma ina bukatar ƙafar da za ta riƙe ta kada ta mutu. Amma sai na ce murɗa."

"Baba, gobe asibiti za mu," in ji Malama. "Idan ta mutu batir ya tafi fa? A bari sai jibi mana."

"Gobe, ko da ni ko ba ni, sai kin hau titin nan, Malama. Gara ki hau na san ciwonta."

Ranar a ƙarƙashin filonta makullin ya kwana.

An yi yayyafi kafin gari ya waye, iska ta yi sanyi. Ƙafafun Direba sun fara tasawa, silifas ya sa. Malama ta fito da jakar asibiti ta ajiye a kujerar baya, ta tsaya tana kallon bakin lungu. Ba a jima ba fitilar babur ta ɓullo. Sammako ya gaisa a tsaye, ya ɗaga bonet, ya dafa kan injin ya ji sanyinsa, ya gyaɗa kai. Ya ciro tiyon ya sa baki ɗaya a kunnensa na dama.

"Murɗa."

Injin ya kama, ya hau rawa har bonet na kaɗawa. Ya yi kamar zai mutu, Direba ya tallafe shi da ƙafa, ya dawo. Sammako ya riƙa bin injin da ɗaya bakin tiyon, a hankali, kamar likita a ƙirjin majinyaci. Ya bi gindin kafireta. Ya bi ƙananan robobin iska ɗaya bayan ɗaya. Ya bi inda bututun shigar iska ya haɗu da kan injin. Ya kai ƙarshe, ya dawo farko.

Malama na kallon sama tana ƙara haske. A wannan lokacin an saba sun wuce babban titi. Ta leƙa ta taga, ta ga allurar zafi ta fara motsi. Ta riga ta san abin da hakan ke nufi: da zarar ta tashi, kafar za ta rufe, yau ma an rasa, kuma ga latti a kai.

Sammako ya cire tiyon, ya sa ɗan yatsa ya girgiza kunnensa, ya mayar. Ya sake bi. Malama ta ga fuskarsa a hasken tocila, kuma abin da ta gani ya fi ƙarar tirela tsorata ta. Ba ya jin komai.

Bai ɓata lokaci wajen ɓoyewa ba.

"Malama, zo. Karɓi. Sa a kunnenki."

"Ni, Baba? Me na sani?"

"Kina jin yaron da ke raɗa a bayan aji, ko ba kya ji? To irinsa ne. Kada ki saurari injin. Abin da ke ƙarƙashin ƙarar za ki nema, siriri, kamar ana zuƙar iska ta tsakanin haƙora."

Ta sa. Da farko ba ta ji komai ba sai rugugi. Ya riƙe ɗaya bakin yana ja a hankali.

"Nan?"

"Babu."

"Nan fa?"

"Babu, Baba. Lokaci yana..."

"Bar lokaci. Nan?"

Ya wuce gindin kafireta ya nufi bayan injin, inda hannu ke shiga da ƙyar.

"Tsaya! Koma baya. Kaɗan. Nan!"

Ga shi kuwa, siriri, ba ya yankewa. Sammako ya lakato giris da yatsa, ya cusa hannu ya shafe wurin. Nan take rawar ta tsaya. Injin ya daidaita, ƙararsa ta kwanta.

"Kai! Wa ya taɓa ta?" Direba ya ɗaga murya daga ciki.

"Matarka. Matsa ka ba ta wuri, ɗalibarka ta fi ka kunne."

Ciwon ba babba ba ne. Gasket, wato ɗan faifan da ke toshe mahaɗar bututun iska da kan injin, shi ne ya tsage ta baya. Da sanyi tsagar na buɗewa, iska ta shiga ta tsinka cakuɗen mai, injin ya rasa ƙarfi daidai lokacin da aka taka totur. Da zafi ƙarfe ya matse ta. Giris ɗin, in ji Sammako, zai kai su asibiti, amma ba zai wuce nan ba.

Ya bi su a baya da babur. A bakin titi Malama ta tsaya. Tirela ta wuce, wata ta biyo ta. Direba, wanda ba ya barin ta canza giya bai yi magana ba, yau ya bar mata tuƙin. Sarari ya samu. Ta saki kuloci, ta taka.

Motar ta hau titi ba ta yi shawara ba.

A madubi ta hango Sammako tsaye a bakin lungun, ƙafa ɗaya a ƙasa. Sai da suka yi nisa ya juya. Suna shiga ɗakin wanki ana kiran wanda ke gabansu a layi.

Da yamma ya dawo da sabon gasket ya ɗaura a ƙofar gida, Direba na zaune a benci yana ba shi umarnin da ba ya bi. Da ya gama bai ce an gama ba. Ya nuna musu cok, wato murfin da ke bakin kafireta, wanda ke rage iska da kansa idan sanyi ya yi tsanani. Ya ce yana zargin ƙarfen da ke jan murfin ya saki, amma safiyoyin nan ba su kai sanyin da zai tona shi ba.

"To ka canza shi mana mu huta," in ji Direba.

"Ba na canza abin da ba a ji ba. Na irin motar nan ya yi wuya, wanda ke kasuwa kuma sau da yawa na jikinta ya fi shi. In cire mai lafiya in sa muku mara lafiya, a bakin titin can za ku gane."

Ya naɗe tiyon ya miƙa wa Malama.

"Ranar da kika fito kika ga tururi na fita daga bakinki, ki aiko. Ni zan riƙe wancan bakin, ke ki ji. Kai kuma, Direba..."

"Na ji, na ji. Kada a tayar da ita."

Kai ne, Sammako, wanda ya yarda a ji haushinsa da yamma don a gode masa da safe. Kai ne mai jiran mota ta faɗi ciwonta kafin ka ɗauki sufana. Ba ka taɓa zagin aikin ɗan'uwanka don naka ya yi haske ba. Ka ga mutumin da ciwo ya ƙwace wa komai, ka mayar masa da makulli a hannu. Kuma ranar da kunnen da ka ci abinci da shi ya juya maka baya, a gaban mutane, ba ka yi ƙarya ba, ba ka yi cinke ba. Ka miƙa tiyon ga wadda ke ji. Wannan ya fi gyaran motar wahala.

Mun gode, Baba. Mai motar burodi ya gode, ungozoma ta gode, haka duk waɗanda suka taɓa leƙowa suka tarar da kai a ƙofarsu kafin su wanke ido. Allah ya ba ka lafiya, ya sa hutun ya yi maka daɗi. Ga masu tasowa a sana'ar, abin koyin ba ya bukatar jari. Idan aka ce maka da safe mota ke ciwo, to ka je da safe. Ka taɓa bonet kafin ka taɓa komai. Abin da ba ka tabbatar ba, ka faɗi cewa ba ka tabbatar ba.

Zuwa yanzu ba a samu bakanike ko ɗaya a unguwar da ya ɗauki zagayen safen ba. Tiyon na rataye a ƙusa bayan ƙofar Malama, kusa da jakar asibiti, makullin kuma har yau a ƙarƙashin filonta yake kwana. Kowace safiya kafin ta taɓa motar, tana tsayawa a tsakar gida ta hura iska ta duba. Tururi bai fito ba tukuna. Lokacin sanyi ya kusa, kuma ba wanda ya san ko ranar da zai fara za ta faɗo a ranar wanki.